Darasi na 9: Maiƙo a Abincin Saniyar Tatsa

Duk matar da ke tatsa a ƙasar Ruma ta san ƙwaryar damina, ta kuma san ta bazara. A watan Agusta, lokacin da ciyawa ta kai gwiwa, abin da saniya ke saukarwa yakan isa a kafa kindirmo, a kaɗa a fitar da curin man shanu, maraƙi ma ya sha ya ƙoshi. Zuwa Afrilu, saniyar dai ita ce, hannun da ke tatsa shi ne, amma nonon da ƙyar yake rufe gindin ƙwarya. Tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito har ana iya ƙirga shi daga nesa.

A da maganin wannan tafiya ce. Garke yakan nausa Dajin Rugu, ko ya yi kudu har sai ruwa ya sauka. Makiyayar Ruma da Kukar Jangarai na cikin filayen da hukuma ta keɓe wa shanu, kuma tun 1965 Jihar Arewa ta yi doka a kan irin waɗannan filaye. Yau kowa a ajin nan ya san halin da dajin yake ciki. Satar shanu da rashin tsaro sun raba gidaje da yawa da garkensu, wanda ya tsira da saniya ɗaya ko biyu kuma ya ɗaure su a turke cikin gari, a Batsari ko Safana, a Runka ko Wagini. Saniyar turke ba ta da zaɓi, abin da aka zuba mata a komi shi ne abincinta. Saboda haka abin da mai gida zai saya ranar Alhamis a kasuwar Batsari shi ke yanke yawan nonon da uwargida za ta gani a makon.

Ana yawan jin cewa mai yana kawo nono. Har akwai masu tsiyaya manja ko man gyaɗa a kan dusa saboda wannan magana. Akwai gaskiya a cikinta, amma rabi ce, kuma rabin da aka bari shi ne ke jawo asara.

Tubalan da ake gina mai da su

Kowane irin mai, na dabba ko na tsiro, an gina shi ne da wasu ƙananan sinadarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Masana na ce musu fati asid, mu kuma a wannan darasi za mu kira su tubalan maiƙo. Suna da yawa. A cikin man nonon saniya kaɗai an gano sama da iri 400. Amma mai kiwo ya riƙe gida biyu sun ishe shi, kuma sanyin hunturu ma yakan nuna masa su. Ku ajiye kitse da man shanu da man waken suya a waje su kwana. Da safe kitse da man shanu sun daskare, man waken suya kuwa yana nan ruwa. Mai daskarewa ya fi yawan tubalai irin su falmitik da sitiyarik. Mai ruwa ya fi yawan oleyik da linoleyik. Kusan rabin manja falmitik ne, shi ya sa yake yin kauri da sanyi. Kusan rabin man angurya da na waken suya linoleyik ne. Man gyaɗa kuma oleyik ya fi yawa a cikinsa.

Abin da ya sa ake kwaɗayin mai a abincin dabba shi ne ƙarfinsa. Kilo 1 na mai yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na kilo 2 da kwata na sitaci, wato garin da ke cikin hatsi. Ga saniyar da ta haihu ba da jimawa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nononta yakan kai ƙololuwa tsakanin mako 4 zuwa 8 bayan haihuwa, alhali cinta bai gama dawowa ba sai bayan haka. Abin da ke fita ta hantsa ya fi abin da ke shiga ta baki, sai ta riƙa narkar da kitsen jikinta tana cike giɓin. Ramar da kuke gani ga mai jego ke nan. Idan ramar ta yi tsanani, takan daɗe ba ta nemi barbara ba, haihuwar gaba ta yi nisa. Abinci kaɗan mai ƙarfi da yawa zai iya rage wannan. Ƙari a kan haka, narkar da mai ba ya tayar da zafin jiki kamar narkar da kara, abin da ke da amfani a zafin bazara.

Ma'aikatan da ke cikin tumbi

To me zai hana a ba ta man da yawa? A nan ne darasin yake, don haka mu ɗan zauna a kai.

Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Na farko, babban tumbi, shi ne mafi girma. A babbar saniya yakan ɗauki sama da lita 100. Saniya da kanta ba ta iya narkar da kara ko busasshiyar ciyawa. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda yawansu ya wuce ƙirga, suke zaune a tumbin suna ruɓar da abin da ta haɗiya, ita kuma tana taimaka musu da tuƙa. Abin da suka fitar shi jininta ke ɗauka. Wato idan kun zuba harawa a komi, ma'aikatan nan kuka ciyar, su kuma su ciyar da saniya.

Waɗannan ma'aikata ba sa shiri da mai mai ruwa. Idan ya shigo da yawa lokaci guda, yakan lulluɓe guntayen kara yadda ba za su iya kama su ba, kuma guba ne ga masu cin karan su kansu. Kara ya zauna a ciki bai narke ba, saniya ta ji cikinta a cike, ta rage ci. Mai kiwo ya kashe kuɗi ya ƙara ƙarfi ta hannun dama, ya rage ta hannun hagu.

Akwai ɓarna ta biyu, wadda ta fi shafar iyayenmu mata masu sayar da man shanu. Maiƙon da ke cikin nono hanya biyu yake bi. Kusan rabinsa hantsa ce ke ƙera shi da kanta, daga abin da ma'aikatan tumbi suka fitar a cikin ciyawa da kara. Ɗaya rabin yana zuwa ta jini, daga man da ke cikin abinci ko daga kitsen jikin saniya. Idan mai mai ruwa ya shiga tumbi, ma'aikatan kan yi ƙoƙarin mayar da shi mai daskarewa don su kare kansu. In ya fi ƙarfinsu, musamman idan an cika hatsi da dusa an rage kara har cikin ya yi tsami, aikin yakan tsaya a rabi, ya haifar da wani tubali da ke zuwa hantsa ya hana ta ƙera mai. Dale Bauman da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka ne suka bayyana wannan, wajen shekara ta 2000. Sun nuna cewa 'yan giram kaɗan na wannan tubali, ƙasa da 10 a yini, sun isa su rage man nono da kashi 1 cikin 4 ko fiye. Ku dubi abin mamaki: an ba saniya mai, man nononta ya ragu. Uwargida ta kaɗa har hannu ya gaji, curin da ya fito bai kai na jiya ba.

Shi ya sa masana abincin dabbobi suka sa iyaka. Duk maiƙon da ke cikin abincin saniya kada ya wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na busasshen abin da take ci a yini. Ciyawa da kara da dusa sun riga sun zo da kashi 2 zuwa 3 nasu. Gurbin da ya rage ba shi da yawa.

Man da aka yi wa sulke

Masu manyan gonakin madara a Turai da Amurka suna da shanun da ke ba da lita 30 ko fiye a yini, kuma irin wannan saniya ba ta iya cin abin da zai biya bukatarta a farkon jego. Sai aka nemi dabarar da mai zai ratsa babban tumbi bai taɓa ma'aikatansa ba. A farkon shekarun 1980, Donald Palmquist da Tom Jenkins a jihar Ohayo ta Amurka suka gwada haɗa tubalan maiƙo da sinadarin kalsiyam. Duk wadda ta taɓa dafa sabulun gida da ruwan toka da mai ta san asalin aikin, bambancin shi ne wannan sabulun ba ya narkewa a ruwan tumbi. Sai ya isa ɗaki na huɗu, inda akwai tsami mai ƙarfi, sannan ya warware, hanji ya tsotse man. Ana sayar da shi a buhu kamar tsaki, kuma Megalac na cikin sunayen da aka fi sani. Akwai kuma wani iri, busasshen mai da aka tace daga manja wanda yawancinsa falmitik ne.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan shanun Holstein sun nuna cewa tubalan ba aiki ɗaya suke yi ba. Falmitik ya fi ƙara maiƙon nono. Oleyik yana taimaka wa hanji ya tsotse mai da kyau, kuma ya fi taimakon jikin saniya ya murmure. Sau da yawa yawan nonon yakan ɗan ƙaru, kason furotin da ke cikinsa kuma ya ɗan ragu. Abin da aka ba saniya har a man shanu yakan nuna. A 2021 mutanen Kanada sun yi ta ƙorafin cewa man shanunsu ya daina laushi ko an ajiye shi a ɗaki, aka zargi man manjan da ake sa wa shanu a abinci, har ƙungiyar manoman madara ta ƙasar ta nemi mambobinta su duba wani madadin kafin a gama bincike.

Shin mai Bunaji ɗaya ko biyu a Safana ya nemi wannan buhu? A ganina a'a, kuma ga dalili. Akwai ma'aunin da masana ke amfani da shi: saniya na bukatar maiƙo a abinci kimanin yawan wanda take fitarwa a nono. Saniyar lita 30 takan fitar da fiye da kilo 1 na mai kullum, ciyawa kaɗai ba za ta biya wannan ba. Bunaji kuwa, a kiwon gargajiya lita 1 zuwa 2 ake tatsa bayan rabon maraƙi. A ce duka-duka tana yin lita 4, mai kashi 5 cikin 100 na maiƙo. Giram 200 ke nan. Abin da ya tsayar da nononta a bazara ba rashin mai ba ne, yunwa ce da ƙishirwa da ƙarancin furotin. Karan dawa da ya sha rana tun kaka kusan ba abin da ya rage a cikinsa, har ma'aikatan tumbin su kansu yunwa suke ji. Wanda buhun sulke zai iya yi wa rana shi ne mai saniyar da aka haɗa jininta da na Turai, irin haɗin Firisiyan da Bunaji da cibiyar NAPRI ta Shika, Zariya, ta daɗe tana aiki a kai, idan tana ba da lita 10 ko fiye kuma akwai mai sayen madarar kullum.

Abin da ke hannunmu

Allah ya hore mana wani sulken da ba na kamfani ba, wato ɓawon ƙwaya. Man da ke cikin angurya a kulle yake, sai saniya ta tauna ta yi tuƙa yake fita kaɗan-kaɗan, ma'aikatan tumbi suna samun sararin sarrafa shi. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Kusan kashi 1 cikin 5 na angurya mai ne, sama da kashi 1 cikin 5 furotin ne, ga gashin auduga da ɓawo da ke aiki irin na ciyawa. Da wuya a sami abinci guda da ya haɗa ukun nan. Jiharmu kuwa ƙasar auduga ce. Funtuwa da Malumfashi, inda injinan gurzar auduga suke, ba nisan duniya ba ne. Da kaka angurya ta fi araha, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: mai son nonon Afrilu tun Disamba yake sayen angurya ya adana inda ba danshi.

Sai dai angurya tana da sharuɗɗa. Akwai wani sinadari a cikinta, gosifol, wanda babbar saniya ke iya jurewa saboda tumbinta ya ƙosa. Maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba yana iya mutuwa da shi, don haka a nisanta shi da komin uwarsa. Bajimin da ake barbara da shi ma kada a ɗora shi a kanta kullum, tana raunana maniyyinsa. Anguryar shuka da aka yi wa magani, wadda takan zo da launi, guba ce, kada ta kusanci komi ko da kyauta aka ba ku.

Wainar angurya da ke fitowa daga masana'anta bayan an matse mai ta fi ƙwayar furotin, amma manta kaɗan ne. Tunkuza da ƙuli-ƙulin gida kuwa suna da sauran mai fiye da na inji, domin hannu ba ya matsewa ƙarƙaf. Abinci ne mai kyau ƙwarai, in dai ba su yi fumfuna ba. Fumfunar gyaɗa na ɗauke da guba mai suna afulatokzin, wadda ke bi ta jikin saniya ta fito a nono, yaranmu su sha. Abin da kuka ga ya yi kore ko baƙi, ko yana warin ruma, a binne shi. Waken suya ma yana da mai kusan kashi 1 cikin 5, ga furotin mai yawa. A soya shi sama-sama a ɓarza. Dusar shinkafa tana da maiƙo, amma ba ta jure ajiya, kuma ta ƙananan injina takan zo cakuɗe da ƙaiƙayi.

Yanzu mu yi lissafi tare, kowa ya ɗauko allonsa ko littafinsa. A ce Bunajinku ta kai kilo 300. Irinta takan ci busasshen abinci kimanin kilo 7 da rabi a yini. Kashi 6 cikin 100 na wannan giram 450 ne, iyakar ke nan. Kara da harawa da dusa sun riga sun kawo kimanin giram 200. Saura 250. Kilo 1 na angurya yana da mai kimanin giram 200. Ashe kilo 1 a yini ya ishe ta, kuma in kun ba ta shi, kada ku ƙara mata wani abu mai maiƙo a kai. Babbar saniya mai jinin Turai tana iya kai kilo 2. Angurya ba ta da nauyi saboda gashinta, ido yakan ruɗi mutum, don haka ku kai tiyarku wurin mai sikeli sau ɗaya, a auna kilo 1, ku yi wa kwanon alama.

Kada a fara da kilo guda rana ɗaya. A soma da cikin tafin hannu biyu a gauraye da dusa, ana ƙarawa a hankali har kwana 10 zuwa 14, domin ma'aikatan tumbi su saba. A raba biyu, safe da yamma, kuma a fara ba ta harawa ko kara kafin a kawo anguryar. Gishiri da kanwa su kasance kusa. Ruwa kuwa ba sai an faɗa ba: kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, saniyar da ake shayarwa sau ɗaya a yini ko me aka ba ta ba za ta cika ƙwarya ba. Idan abinci bai isa duka shanun ba, a fifita wadda ke cikin wata 3 na farkon jego.

Saniya da kanta za ta gaya muku in an wuce gona da iri. Za ta fara barin abinci a komi, tuƙarta ta ragu, kashinta ya yi ruwa ana ganin guntayen kara a ciki, man shanu kuma ya ja baya. Da ganin haka a rage maiƙon, a ƙara harawa. In kwana 3 suka wuce ba sauyi, a kira malamin dabbobi.

Wani abu kuma da ke sa mutane yanke ƙauna da wuri: saniyarmu ba ta sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa, kuma shi ke gamawa. Saboda haka wani kaso na ƙarin da aka samu cikinsa yake tafiya, ƙwarya ba ta gani. Ku duba gashin maraƙin da tsallensa, ku duba tozon uwar, ku kuma lura da watan da ta sake neman barbara. Duk waɗannan suna cikin ribar, ko da yake ba ranar kasuwa ake karɓarta ba. Wannan lissafi na mai gida da uwargida ne tare, domin sau da yawa shi ke sayen abincin, ita ke sayar da nonon, kuma in ba su zauna sun haɗa alƙaluman ba kowa zai ga kamar shi ne ke faɗuwa.

Aikin gida

Ku zaɓi saniya ɗaya mai jego. Ku sami kwano guda da za ku riƙa auna nononta da shi, ku rubuta abin da aka tatsa kullum har kwana 7 ba tare da canza mata abinci ba. Ranar da aka kaɗa, ku rubuta yawan curin man da ya fito. Daga nan ku fara ba ta angurya yadda aka bayyana, ku ci gaba da rubutawa har mako 4. Ku tambayo kuɗin kilo 1 na angurya da kuɗin kwanon nono a kasuwarku, ku zo da littafin aji mu lissafa tare. Wanda ba shi da saniya ya haɗa kai da maƙwabcinsa.

Kafin haɗuwa ta gaba, ku tattauna waɗannan a gida:

1. Me ya sa kofin man gyaɗa da aka tsiyaya a dusa ya fi cutar da tumbi a kan man da ke cikin kilo 1 na angurya?
2. Saniya mai kilo 400 tana cin busasshen abinci kilo 10 a yini. Giram nawa ne kashi 6 cikin 100 na wannan?
3. Waɗanne dabbobi biyu ne a gidanku za ku nisanta da angurya, kuma don me?